Haƙori da Haƙuri



Mun saba mayar da giɓi abin zolaya, musamman ga yaro mai famfara ko tsoho mai wawulo. Wanda ya rasa haƙorin gaba da girmansa kuwa ya san ba abin dariya ba ne. Nawa ya fita ne a hatsarin babur shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga lokacin kalmomi irin su "sassauci" da "tsatsa" suke fitowa da iska. Ni da nake karanta labarina a gaban jama'a sai na koma miƙa wa wani takardar. Wannan ya sa na amince a yi mini dashen haƙori ranar Alhamis mai zuwa.

Da yawa suna zaton irin haƙorin Makka ne, wanda ake lulluɓa wa haƙori mai rai. Dashe daban yake. Ƙaramin noti ne na ƙarfen taitaniyam ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, ya maye gurbin saiwa. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe, a wani gwaji da ya yi da zomaye, kuma a 1965 aka fara dasa wa ɗan Adam. Mannewar takan ɗauki wata uku zuwa shida kafin a ɗora haƙorin da ido zai gani.

Shirin ya fi aikin tsawo. An fara da hoton ƙashi, domin idan haƙori ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi yakan riƙa zaizayewa. Wanda nasa ya yi siriri sai an yi masa ciko tukuna, ya ƙara jiran wasu watanni. Nawa ya isa da ƙyar. Daga nan aka wanke mini haƙora, aka duba dasashi, aka auna hawan jini da suga. Ciwon suga gadon gidanmu ne, kuma likitar ta ce idan sugan ya hau, rauni ba ya saurin warkewa. Ta tambaye ni ko ina shan taba, don tana cikin manyan abubuwan da ke sa dashe ya ƙi kamawa. Ta kuma nemi sunan duk maganin da nake sha, har na gargajiya, musamman masu tsinka jini irin su asfirin.

A gida ma an yi shiri. Uwargida ta tanadi kamun koko da garin kunun gyaɗa, tare da gargaɗin kada in sha da zafi. Kilishi, aya, ƙuli-ƙuli da rake duk mun yi sallama na wani lokaci. Goro ne kawai nake jin rabuwa da shi. An hana ni zuƙa da tsinke da kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, don kada jinin da ya daskare a wurin ya ɓalle. Bayan kwana ɗaya sai ruwan gishiri mai ɗumi.

Tsoro kam akwai, duk da allurar kashe zafi ce za a yi, ina farke. Kuɗin ma adashin shekara guda ne cif, kuma ba kowa a dangi ya yarda haƙori ɗaya ya kai haka ba. Wani kawuna ya ce da kuɗin da na sayi ɗan maraƙi. Na ce masa, "Kawu, maraƙi ba zai furta mini 'tsatsa' ba."

Idan akwai wanda aka taɓa yi wa a cikinku, ina son jin yadda makon farko ya kasance.