Daɓen Siminti Ya Fi Kafet a Kurmi

Duk wanda ya yi damina ɗaya a unguwar Sabo ta Ibadan ko Agege ya san abin da laima ke yi wa kafet: ƙasansa ya yi baƙi, ɗaki ya ɗauki wari, ga tarin yara ba ya ƙarewa. Ni dai na naɗe nawa, na koma daɓen siminti mai launi.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Iyayenmu mata sun saba yin daɓe su zuba makuba, ɗaki ya yi ja yana sheƙi. A nan kuwa birkila ne zai haɗa garin jan launi da siminti a shafen sama, kada launin ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin simintin, sannan ya goge da cokalinsa har ya yi sumul. A riƙa ba shi ruwa kwana 7, a jira kwana 28 kafin a shafa man gogewa. Wurin alwala a bar shi da kaushi, saboda santsi.

Sai dai yawancinmu 'yan haya ne. Kafet kana iya tafiya da shi, daɓe kuwa ya zama na mai gida. Ku zauna da shi tukuna, a rubuta cewa za a cire kuɗin aikin daga kuɗin haya. Allah Ya ba mu namu, amin.