Furannin kwarin Tarka

Duk malamin da ya koyar da Faransanci a ƙasar Damargu ya san wahalar kalmar printemps. Ƙamus yana cewa bazara. Amma yaron Belbeji ya san bazara: Afrilu da Mayu, rana na dukan ƙoƙon kai, ruwan rijiya ya yi nisa, shanu sun rame. In ka ce masa a wannan lokacin ne furanni ke buɗewa a Turai, sai ya dube ka da ladabi, ya rubuta, ya haddace don jarrabawa. In ya ga hoto kuwa, sau da yawa irin na lambun Keukenhof ne a ƙasar Holan, wanda aka buɗe wa jama'a a 1950: hekta 32, ana binne ƙwayar fure wajen miliyan 7 kowace shekara, makonni takwas kacal yake buɗe, daga Maris zuwa Mayu, iyaye su biya kuɗi su shiga da ɗiyansu su yi kallo.

Mu ma muna da namu makonnin, sai dai suna faɗowa tsakanin Agusta da ƙarshen Satumba, lokacin da makaranta ke rufe. Malami yana gona, ɗalibi yana gona ko kiwo. Kafin a koma aji a Oktoba ciyawa ta soma bushewa. Shi ya sa aji da fure ba sa haɗuwa.

A daminar bara na ɗauki yara huɗu, biyu nawa, biyu na ƙanena, babbansu shekara tara, autar huɗu, muka hau amalanken jaki da sassafe muka gangara kwarin Tarka. Gyatumata ta ce ba za a fita da jikokinta daji a bar ta gida ba, ta ɗauki ƙwarya ta hau.

Wanda bai taɓa shiga daji da ƙananan yara ba yana zaton kallo za a yi. Abin da muka fara yi shi ne cirar karangiya daga zane da wando. Sannan tsidau, mai ɗan fure rawaya shimfiɗe a ƙasa kamar ba ruwansa, ya soki mai shekara shida a dunduniya, aka sha kuka. Sai da aka ci ɗan ƙuli-ƙuli hankali ya kwanta, ido ya buɗe.

Kwarin ya cika. Tafasa ta yi rawaya har gwiwar yara. Gasaya ta fid da farin fure mai dogon gashi kamar gashin bakin mage. Bagaruwa ta rataya ƴan dunƙule-dunƙule masu laushi, ƙudan zuma na kai da komo. A bakin tabki duman kada ya malala da furensa mai kama da bakin kakaki, can tsakiya kuma bado ya buɗe fari tas. Ni ina nuna launi, tsohuwa kuwa tana faɗin suna, kuma ba ta faɗin suna shi kaɗai. Tafasa, a dafa ganyen a yi kwaɗo. Bagaruwa, ɗiyanta na majema ne. Tumfafiya, kada nononta ya taɓa ido. Da muka iso wani kurmin anza ta tsaya ta daɗe. Ta gaya musu yadda a yunwar 1984, da kuma 2005, mata suka riƙa jiƙa ɗiyanta kwana da kwanaki, ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, kafin a sa a tukunya. Babban ya ce: «Kaka, ke ma kin ci?» Ta ce: «Da ban ci ba, da ba a haifi ubanka ba.» Na ƙara musu da cewa mutanen Holan ɗin nan ma, a hunturun 1944 zuwa 1945, da yaƙi ya tsare musu abinci, ƙwayar tulif suka dafa suka ci, domin kamar albasa take.

Furen da ya fi ɗaukar idon autar a gefen wata gonar hatsi yake, shuɗi-shuɗi mai ja-ja, jere a kan siririn kara. Ta tsinko cike da hannu ta kawo mini: «Baba, ga na gida.» Ƙuduji ne. Mai gonar, wani dattijo, ya ɗago daga aikinsa ya yi dariya: «Malam, bar mini ita nan ta wuni. Amma ƴata, da saiwa ake tuge shi, kuma ba a yar da shi cikin gona.» Na bayyana wa manyan dalili: saiwarsa tana manne wa saiwar hatsi tana tsotse ta tun bai fito fili ba, tushe guda yana zubar da dubban iri, irin kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Autar ba ta yarda abu mai kyau haka mugu ne ba, ta ƙi sakin damin nata.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ɗana mai shekara tara yana iya jero rose da tulipe da muguet, amma cikin abin da muka gani sunan huɗu ko biyar kawai ya sani. Wani yaro Bafillace sa'ansa, da ke shayar da awaki a tabkin, ya san su duka, ya san wanda ke kumbura cikin dabba. Shi ba ya aji, nawa ba ya daji. Ga shi kuma dajin na tsukewa: dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, masu sunayen kuma suna tsufa.

Ƙungiyoyinmu na al'adu sun ƙware wajen shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa a lokacin hutu. Fita ta yini guda cikin Satumba ba ta fi ƙarfinsu ba: amalanke, tulun ruwa, tsohuwa guda, makiyayi guda, da littafin rubutu da za a danne fure a ciki, a sa sunansa da Hausa da Fulatanci da Buzanci, Faransanci ya zo a layi na huɗu in akwai shi. Ga malamin da ba ya son jiran hutu kuwa, akwai gawo. Shi da damina yake kaɗe ganye, sai ruwa ya ɗauke ya yi kore ya fid da fure, daidai lokacin da yara suka dawo kan benci.