Ranar da Na Karɓe Alli

Aikina horar da masu neman takardar NCE a fannin tarihi da ilimin zamantakewa. Kullum ina nanata musu cewa malami ya fara da abin da yaro ya sani, har suka yi mini laƙabi da maganar.

Lokacin koyarwar gwaji aka tura ni Nasarawar Burkullu duba wani ɗalibina a ƙaramar sakandare. Darasin gurɓatar muhalli ne. Littafi ya kawo malalar mai a Neja Delta, shi kuwa ya ajiye littafin, ya tambayi yara wa ya taɓa ganin ana dakan dutsen zinari a gida. Aji ya kaure. Ya shiga labarin gubar dalma ta 2010: a kawo dutse daga rami, a daka ko a kai injin niƙa, a shanya a tsakar gida, ƙurar ta kwanta inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. 'Yargalma a nan Bukkuyum, Dareta da Abare da Bagega a Anka. Yara sama da 400 suka rasu.

Ina baya ina duba tsarin darasinsa, babu ko ɗaya a ciki. Na rubuta masa maki na mugunta, na tashi na karɓe allin a gaban yara, na zana taswira, na faɗa Neja Delta da Turancina. Aji ya yi tsit. Na ɗauka natsuwa ce, har ina jin kaina.

Da na nemi tambaya, wata yarinya ta miƙe. "Malam, in an kankare ƙasar gida an zuba sabuwa, gubar ta tafi ke nan?"

Ba ni take kallo ba. Shi take kallo.

Na tsaya riƙe da alli, gumi na jiƙa shi. Ni da ke jero sarakunan Songhai da ka, ga tambaya daga bayan katangar makaranta ta ɗaure ni. Shirun da na yi alfahari da shi ashe haƙuri ne, jira suke baƙo ya gama. Kuma wanda na kunyata, karatuna ya bi. Ni ne na saɓa.

"Allah gafarta Malam, in amsa?" in ji shi, kansa a ƙasa. Ya ce ta tafi, muddin ba a sake shigo da dutsen gida ba.

Makin da biro na rubuta. A mota na soke shi, na gyara a gefe, irin ƙazantar takardar da nake rage wa ɗalibai maki a kanta.