Gwiwa Ba Ta Duba Kalanda

Duk wanda ya taɓa gabatar da shirin wasanni a rediyo ya san tambayar da ta fi yawa idan aka buɗe layukan waya bayan wani ɗan ƙwallo ya ji rauni: "Yaushe zai dawo?" Ba mai tambayar me ya tsinke ko me aka gyara. Wata nawa kawai ake son ji. Jaridun ƙwallo ma sun saba ba da amsar da ake so, su ce wata shida, su ce wata tara, kamar masu faɗin lokacin girbin gero.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta gaban ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ita ce kuma ke riƙe gwiwa idan mutum ya kafa ƙafa ya juya da sauri. Idan ta tsinke, galibi ba ɗinke ta ake yi ba. Likita kan yanko wata jijiya daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙasusuwan, ya zura ta a madadin waccan. Wannan baƙuwar jijiya kuwa sai ta yi rauni a watannin farko kafin jiki ya karɓe ta, ta soma ƙarfi a hankali. Wato a daidai lokacin da kumburi ya sace, ciwo ya tafi, mutum yake jin ya warke, abin da ke ciki ɗanye ne.

Ban ga wannan da idona ba sai a Umdurman, a ƙarshen daminar 2022, lokacin da na je gaida goggona. Danginmu na cikin Hausawan da suka tasam ma Makka a ƙasa tun zamanin kakanni, hanya ta tsaya da su a Sudan. Umdurman gari ne da ƙwallo ta raba gida biyu: ko kai ɗan Hilal ne mai shuɗi, ko ɗan Marrikh mai ja. Can ƙetaren Farin Nilu, a Hartum, aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a 1957, a nan aka buga gasar nahiyar ta farko, kuma tsofaffi ba sa gajiya da tuna wa mutum kofin da Sudan ta ci a 1970. Da la'asar kowane fili sai ya cika da yara masu buga abin da suke kira dafuri, irin tamaularmu ta unguwa.

Autan goggona, ɗan shekara ashirin da ɗaya, a irin wannan fili ya tsinke jijiyarsa. Ba wanda ya taɓa shi. Ya juya ne zai bi ƙwallo, ya ji ƙas, ya faɗi. Aka fara kai shi wurin maɗori, wanda can ake kira basir, ya ɗaure ya shafa abin da zai shafa. Kumburi ya sauka, amma duk sanda ya juya sai gwiwar ta zille masa. Daga baya hoto ya nuna abin da ya faru, goggo ta sayar da 'yan kunnenta na zinare, aka yi masa aiki a wani asibiti a Hartum.

Da na iso ya shiga wata na bakwai. Gida kowa ya yanke hukunci cewa ya warke, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce a wurinsu: ya ajiye kujera, yana sallah a ƙasa, yana zaman tahiya ba tare da yamutsa fuska ba. Ga kuma wata ƙungiya ta ƙaramin rukuni da ke son yi masa rajista, da 'yan kuɗin da za su iya dawo da 'yan kunnen nan. Wakilinsu ya zo gidan har sau biyu ina nan, ya sha shayi, ya ce Baggio na Italiya ma a 2002 bai cika wata uku ba ya koma fili. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne dalilin da ya sa har yau ake ba da labarin: don ba a saba ganin irinsa ba.

"Yaya, kai da kake aikin jarida, gaya wa Inna na warke," in ji yaron.

Na ce masa ni aikina tambaya, mu je wurin mai amsa. Muka hau raksha, wato Keke Napep ɗinsu, zuwa bakin gada, muka tsallaka Hartum wurin likitar gashin da ke duba shi.

Ba ta da na'urar auna ƙarfin cinya irin ta manyan cibiyoyi. Abin da take da shi tef ne irin na tela, da alli, da agogon wayarta. Ta fara da latsa gefen ƙoƙon gwiwar ko akwai ruwa, ta sa ya miƙe ƙafar ta ga ko tana miƙewa sarai kamar ɗayar. Ta auna kaurin cinyoyin biyu, ta rubuta. Sannan ta ja layi a ƙasa ta ce ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya dira a kanta, ya tsaya cak. Da lafiyayyar ya yi santimita 160. Da wadda aka yi wa aiki ya yi 128. Kashi 80 cikin ɗari ke nan, alhali ma'aunin da aka fi amfani da shi kashi 90 ne zuwa sama. Saura gwaji uku: tsalle uku a jere, tsalle uku yana tsallaka layi hagu da dama, da ɗingishin mita shida ana duba agogo. Bai kai ba ko a ɗaya.

Amma ba lambobin ne suka fi damunta ba. Ta ɗauki bidiyonsa daga gaba, ta rage gudun hoton, ta nuna mana. Duk sanda ya dira, gwiwar sai ta karkata ciki, kafaɗarsa ta kauce gefe, yana sauke nauyin a ƙugu don ya tausaya wa ƙafar. Shi bai san yana yi ba. Ta ce irin wannan dirar ce ke tsinka jijiya tun farko. Ta kuma ƙara da abin da ban taɓa ji ba: ita ma lafiyayyar ƙafar ta rame a watannin zaman gida, don haka ko ya kai kashi 90, ana gwada shi ne da mudun da ya riga ya ragu.

Sai ta ajiye wayar ta tambaye shi, idan ya tuna ɗan baya zai shigo masa ta gefe, me yake ji a cikinsa? Ya yi dariya, ya ce ba komai. Ta yi shiru tana kallonsa. Can ya ce da daddare yakan ji ƙarar nan ta ranar farko. Ashe wannan ma ana auna shi. Masu bincike a Ostireliya sun tsara tambayoyi goma sha biyu tun 2008 don gane ko zuciyar ɗan wasa ta yarda da gwiwarsa, domin mai tsoro yakan noƙe a inda ya kamata ya shiga, ya kuma sandare a inda ya kamata ya saki jiki.

Da na koma bakin aiki na nemi abin da aka rubuta a kan batun. A 2016 an fitar da sakamakon wani bincike na haɗin gwiwar Oslo da Delaware ta Amurka, wanda ya bi mutum 106 tsawon shekara biyu bayan aiki. An gano cewa kowane wata guda da aka jinkirta komawa fili, har zuwa wata na tara, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Cikin waɗanda suka koma ba su ci gwajin ba, kashi 38 sun sake jin rauni, waɗanda suka ci kuwa ba su kai kashi 6 ba. A shekarar dai, asibitin Aspetar na Doha ya ba da rahoto kan ƙwararrun 'yan wasa 158: waɗanda ba su cika sharuɗɗa shida na sallama ba, haɗarin tsinkewar sabuwar jijiyarsu ya ninka sau huɗu. To, waɗannan masu likitoci ne a gindinsu da ciyawa mai laushi. Ina ga yaron da zai koma kan tsandauri, wanda kuma babu sauran zinaren da za a sayar masa karo na biyu?

Abin da na riƙe tun daga nan shi ne, wanda ke buƙatar ɗan wasa ranar Juma'a bai kamata ya zama mai cewa ya warke ba. Koci yana da wasa a gabansa, wakili yana da la'adarsa, shi kansa yaron yana da bashin da yake ji a wuyansa. Ita likitar ba abin da za ta samu, sai ma baƙin jini. Goggo ta yi kwana biyu tana cewa 'yar nan ta cika tsanani. A rana ta uku ita da kanta ta sallami wakilin daga bakin ƙofa. "Ɗana," ta ce da ni, "kunne ba ya ciwo don babu ɗan kunne."

Sai a wata na goma sha ɗaya ya ci gwajin, a farkon 2023. Ya buga 'yan wasanni a unguwa, yana jiran rajista ta gaba. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Hartum. Hilal da Marrikh kansu daga baya sai a gasar Muritaniya suka sami wurin bugawa. Su goggo suka bar Umdurman a bayan babbar mota suka nufi Gadarif, wani wurin a ƙasa, shi ke ɗauke da buhun kayansu a ka.

Yanzu yana koya wa yara ƙwallo a can da yamma. Ya samo tef ɗin tela, yakan ja layi a ƙasa da tsinke duk farkon wata, ya turo mini lambobin idan an sami intanet. Na watan jiya: dama 166, hagu 158.