Yarda da Abin da Ba a Karanta Ba

A unguwar Tampouy da ke arewa maso yammacin Wagadugu, wani dattijo malamin allo ya kai wa wani saurayi mai gyara tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ɗansa ya aiko masa daga Kumasi. Muradinsa ya adana hotunan takardun ajami da ya gada, ya kuma riƙa aika wa almajiransa na nesa. Saurayin ya shiga ɗora mata Debian, babbar manhajar da ake samu kyauta, mai iya tayar da tsofaffin na'urori.

Ana cikin aiki sai allon ya tsaya, ya cika da dogon rubutu na Turanci, a ƙarƙashinsa akwai zaɓi biyu: amincewa ko ƙi. Saurayin ya kai yatsa zai danna, dattijon ya riƙe masa hannu.

"Ɗana, me aka ce a nan?"

"Baba, sharuɗɗa ne kawai. Kowa dannawa yake yi."

"Da sunan wa za ka danna?"

Tambayar tana bisa hanya. Abin da ya tsayar da aikin shi ne manhajar ciki, wato ɗan ƙaramin umarnin da ake loda wa wani sashe na na'ura kafin ya motsa. A wannan kwamfuta, sashen shi ne katin kama intanet na Intel, samfurin PRO/Wireless 2200BG. Kamfanin ya ba da izinin amfani da manhajar, amma ya hana a warware ta don a ga yadda aka tsara ta, bai kuma ɗauki alhakin wata ɓarna ba. Shekaru da dama Debian tana ware irin wannan manhaja daga faifanta na hukuma. A 2022 masu haɓaka ta suka kaɗa ƙuri'a a shigar da ita, kuma Debian 12 ta fito da wannan tsari a ranar 10 ga Yuni, 2023.

Nuna sharuɗɗan ya fi ɓoye su, domin shi ne ya bai wa dattijon damar tambaya. Sai dai nunawa daban, fahimta daban. Saurayin da Faransanci ya yi karatu, dattijon kuwa da Larabci da Hausa. A al'adar ciniki da dattijon ya sani, sai mai kaya ya ce "na sayar", mai saye ya ce "na saya", kowa ya san abin da ya karɓa. Wanda ya saɓa wa haka, cinikin biri a sama ya yi. Ɗalibin harshe zai lura cewa kalmar "yarda" tana ɗauke da sani da natsuwar zuciya. Shi ya sa ake cewa "na yarda da kai". Danna maɓalli a madadin wani bai kai wannan matsayi ba.

Saurayin ya ɗauki hoton rubutun da wayarsa, ya juya shi zuwa Faransanci, sannan ya fassara wa dattijon sharaɗi bayan sharaɗi. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce warware manhaja ba sana'arsa ba ce, don haka hanin bai tauye masa komai ba. Ya gyara zaman tabarau, ya miƙa yatsansa, ya danna da kansa.