Littafin Da Ya Tsaya Mini

Masu karatu, kun dame ni da tambayar ina cigaban littafina na ɗan sandan ciki. To ga gaskiya. Na saba ƙirƙiro makashi baƙo mai ɓoye fuska, jami'ina ya yi ta bin sawu har shafin ƙarshe. Sai ga abin da ya faru a Larabar Abasawa ta Gezawa a Mayun 2024: ana sallar asuba mutum ya watsa fetur a masallaci, ya cinna wuta, ya kulle ƙofa, wai a kan rabon gado. Danginsa na cikin sahu. A ranar aka kama shi, kowa ya san gidansu. Tun lokacin in na ɗauki biro sai in rasa aikin da zan ba jami'in nawa.