Mako Biyun Da Ban Jira Ba

Ina shekara ta huɗu a wata gonar gwajin iri aka damƙa mini filin waken suya. Masu fitar da iri sun riga sun sha wahalar. Furen waken suya kansa yake yi wa barbara, saboda haka sai an bi shi da ɗan hantsaki, a ɗebo garin wannan fure a sa wa wancan, sannan a yi ta shuka 'ya'ya da jikoki shekara da shekaru ana tankaɗe da rairaya. Waɗanda suka tsira su ne suka iso hannuna. Nawa aikin in shuka su kusa da TGx 1448-2E, irin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, wanda manoman Kaduna da Kano suka daɗe da sabawa da shi, in auna, in rubuta.

Takardar awon tana da gurabe: ranar fure, ranar nuna, tsayi, cutar tsatsa, nauyin amfani. Gurbin ƙarshe na fashewar kwanso ne. Ƙa'idarsa ita ce in wake ya nuna a bar kunyoyin gefe a tsaye har mako biyu, sannan a dawo a ƙirga kwanson da ya buɗe da kansa.

Cikin sababbin akwai ɗaya da ya shiga raina. Ya riga sauran nuna, kwanso ya cika shi tun daga gindi. Ranar girbi ga ma'aikata sun taru, ga mota an ba mu ta yini ɗaya, ni kuma ina ɗokin miƙa rahoto. Na ce a yanke duka har da kunyoyin gefe. Da na zo gurbin ƙarshe na tuna ban ga wani kwanso a fashe ba, sai na rubuta 1, lambar irin da ba ya fashewa. Ban auna ba. Rubutawa kawai na yi.

Da aka zo gwaji a gonakin manoma, na kai irin garinmu, na ba Kawu da maƙwabtansa huɗu. Kawu ya juya ƙwayar a tafin hannu ya ce, "Ɗana, wannan waken naka yana jiran mutum?" Na amsa masa da yawan buhunan da zai samu. Ya yi shiru ya karɓa, don ɗan ƙanwarsa ne ya kawo, kuma mai karatun gona.

Waken ya yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Amma a gidan Kawu hannu biyar ne ke aiki, kuma da masara da shinkafa da wake duk lokaci guda suka nuna. Abincin gida ake fara shigarwa. Waken suya ya zauna jiran layi, ruwa ya ɗauke, busasshiyar iska ta fara kaɗawa.

Na iso da rana tsaka, riƙe da sikeli da littafi. Kawu ya tare ni a bakin gona ya ce, "Ajiye sikelin tukuna. Saurara."

Da farko ban ji komai ba. Can sai na ji tas. Wani tas daga hagu, wani daga nesa, kamar ana soya gugguru a ƙaramar wuta. Na durƙusa. Ƙasan kunya ya yi rawaya da wake. A jikin kara kuwa kwanso ne a murɗe, ɓari biyu, babu komai ciki. Na san yadda abin yake tun a aji: kwanso na bushewa, ɓarin biyu su ja juna, su tsage su cilla ƙwayar. Na san tsohon irin Malayan na Binuwai ya yi ƙaurin suna da wannan, kuma riƙe kwanso na cikin abin da ya sa manoma suka amince da 1448-2E. Duk na sani. Ina durƙushe a wurin lambar nan 1 ta dawo mini, da biron da na rubuta ta, da inuwar motar da na jingina. Sai a lokacin na gane tambayar Kawu ita ce gurbin da na cike da ƙarya. A gonar gwaji muna da ma'aikata da za su yanke wake ranar da ya nuna, shi kuwa ba shi da su, kuma don irinsa aka sa mako biyun nan a ƙa'ida.

Na ce, "Kawu, laifina ne. Akwai awon da ban yi ba, na rubuta na yi." Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in je in faɗa wa sauran huɗun da bakina, na kuwa bi su gida-gida. Washegari na rubuta wa shugabana in janye lambar, aka mayar da irin filin gwaji.

Kafin in bar garin na sake biyawa ta gonar da yamma. Matar Kawu da yara uku suna duƙe tsakanin kunyoyi, kowa da ƙwarya, suna tsintar waken ɗaya-ɗaya kafin a saki awaki.